Hukuncin zuwa kallon kangon gidan ibadar Kirista da kwana a otal mai mashaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina zaune da iyalina a Birmingham. Hutun bazara ya zo, muna so mu ɗauki mota mu nufi arewacin Ingila, mu ga kangon Fountains Abbey da na Furness, tsoffin gidajen ibadar ruhubanawan Kirista, sannan mu kwana uku a wani otal da ke bakin tafkin Windermere. Wani abokina ya ce haramun ne, domin wuraren shirka ne, kuma Annabi ya hana shiga gidajen waɗanda aka halaka. Otal ɗin ma akwai mashaya a ciki. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tafiyar ta halatta, amma akwai sharuɗɗa.

Asalin tafiya a bayan ƙasa don ganin abin da mutanen baya suka bari halal ne, har Allah Ya kwaɗaitar da ita a Suratul An'am aya ta 11 da Suratur Rum aya ta 42. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku yana magana ne kan tafiyar ibada da neman falalar wuri. Ku kuwa kallo da izina suka kai ku, ba neman tabarraki ba.

Hujjar abokinka ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Hadisin ya inganta: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa da Annabi (SAW) ya bi ta Hijr, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka yi wa azaba sai ana kuka. To amma illar hukuncin ita ce saukar azabar Allah a wurin. Fountains kuwa ruhubanawa suka kafa shi a 1132, suka zauna har 1539, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rufe shi bayan ya ɓata da Paparoma. Furness tun 1537 aka miƙa masa shi. Sarki ne ya ƙwace filaye da dukiya, aka kwashe darmar rufin, ruwa da iska suka ƙarasa sauran. Ba mu da nassin da ya ce azaba ta sauka a can, kuma ba a ƙirƙirar wannan hukunci da zato. Kiyasin bai zauna ba.

Inda ya kamata ka kiyaye shi ne salla. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ce ba sa shiga coci-cocin Nasara saboda gumakan da ke ciki, Ibn Abbas kuma yana salla a coci in dai babu gumaka. A mazhabarmu ta Malikiyya salla a coci makaruhi ce, kuma masu sharhin Muhtasar Halil sun faɗa ƙarara cewa ko ana amfani da ita ko ta zama kango, sai in larura ta tilasta. Ga kuma kaburburan shugabannin ruhubanawa a cikin ginin Fountains. Don haka idan azahar ta riske ku, ku fito daga cikin ginin ku shimfiɗa darduma a ciyawa mai tsarki. Fili ba ya ƙaranci a wurin. Idan kun tarar ana wani taron addu'arsu, ku kauce har su gama. Kada a kunna kyandir, kada a shafa bango. Yara za su yi tambaya, kuma gara su ji daga bakinka: waɗannan mutane sun bar aure da dukiya don ruhubananci, wanda Allah Ya ce a Suratul Hadid aya ta 27 su suka ƙaga shi, ba a wajabta musu ba.

Batun otal mai sauƙi ne. Ɗaki ka kama, kuɗin kwana ka biya. Abin da aka hana, a hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito, shi ne zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ku nisanci mashayar, ku ci a teburinku ko a ɗaki, ku tambayi abin da aka dafa da giya ko naman alade. Kifi da kayan lambu sun wadatar. In da gidan haya mai kicin a kusa a kan kuɗi makamancin wannan, ni shi zan zaɓa maka, musamman ga mai 'yan mata. A bakin tafki kuma, ranar da aka yi rana mutane kan tuɓe, sai a runtse ido a nemi gefen da babu cunkoso.

Ba ka tambayi ƙasaru ba, amma za ka buƙace ta. Nisanta baridi huɗu ne, kimanin kilomita 80, tafiyarku ta zarce haka nesa. Halil ya cire mai tafiyar wasa daga masu ƙasaru, aka misalta shi da mai farauta don nishaɗi kawai. A ganina hutawa da iyali tare da ɗaukar izina ba ta shiga nan. Tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a otal ba, ƙasaru tana nan har ku dawo gida. Idan Juma'a ta faɗo a hanya ba ta wajaba a kan matafiyi, sai ku sallaci azahar raka'a biyu.

Wallahu a'alam.