Tambayi Likita: gwajin palu, mutuwar awaki, waken Zariya da saran kububuwa

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru wannan satin, na zaɓo guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu. Da na jera su sai na ga kusan duk amsarsu na komawa kan abu ɗaya ne, wato furotin. Mu dai in an ce furotin hankalinmu kan nama da ƙwai da wake yake tafiya, alhali dafin maciji ma furotin ne, rigar da ƙwayar cuta ke sanye da ita furotin ce, makaman da jiki ke ƙerawa ya yaƙe ta su ma haka.

Wata uwa daga Marwa ta ce: "Likita ɗana ya yi palu mun ba shi Coartem kwana uku cif ya warke har yana wasa, bayan kwana goma na sa aka sake gwajin nan na yatsa sai ga layi biyu. Maganin jabu ne ko? Kuma allurar palu ɗin nan da ake ta magana in kai ƙaninsa?"

Hajiya kwantar da hankalinki. Wannan ɗan katin gwajin ba ƙwayar cutar yake gani ba, wani furotin yake kamawa mai suna HRP2 wanda ƙwayar palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ke zubarwa cikin jini, kuma ko bayan magani ya kashe ta wannan furotin yakan daɗe yana yawo a jini sati biyu, uku, wani lokaci ma ya wuce wata. Kamar a kashe wutar murhu ne amma ɗaki na ƙaurin hayaƙi. To yaron da ke ci yana sha yana wasa babu zazzaɓi, kar ki sake ɗura mishi magani don layi biyu kawai. In zazzaɓin ya dawo kuwa ki kai shi lopital a yi mishi wanda suke cewa gut epes, a shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita, shi ne ke nuna ƙwayar da kanta. In kin ga jijjiga ko amai ba tsayawa ko ya kasa shan komai, wannan ba a jira gari ya waye.

Batun allura kuma, eh ki kai shi, wallahi da zuciya ɗaya nake faɗa miki. Kamaru ce ƙasa ta farko a duniya da ta sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, wani ɓangare ne na furotin ɗin da ke jikin ƙwayar a lokacin da sauro ya tofa ta, aka ɗauko shi ake nuna wa jikin yaro don ya san fuskar ɓarawon tun kafin ya hauro katanga. Tun 1987 ake aikinta, kuma da aka yi wa yara a Gana da Kenya da Malawi daga 2019, mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Sau huɗu ake yi, wata 6, wata 7, wata 9 sai kuma shekara biyu, kuma ta huɗun nan ita ce iyaye ke mantawa. Ba ta hana palu ɗari bisa ɗari, gidan sauro na nan daram, haka maganin da ake raba wa yara gida-gida da damina.

Wani dattijo daga wajen Gidar ya sa ɗansa ya rubuto, wai awakinsa na ta mutuwa da zawo da majina da gyambo a baki, ya yi musu allurar oksi, wato oksitetrasiklin, ba ta yi komai ba, yana tsoron kar ya kama jikokinsa.

Baba sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Yadda ka kwatanta ya yi kama da annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, amma a kira su su gani da idonsu. In ita ce ba ta kama mutum. Oksi kuwa ba ta kashe irin wannan ƙwayar, shi ya sa kuɗinka suka tafi a banza. Ita wannan cuta dangin bushiya ce, wadda ta ƙarar da shanu a yankin nan farkon shekarun 1980, ku manya kun fi mu sanin wannan baƙin ciki, kuma dangin ƙyandar yara ce. Furotin ɗin jikinsu ya yi kama sosai har a da da allurar bushiya ake kare awaki kafin a samo tasu. A 2011 aka sanar an gama da bushiya a duniya gaba ɗaya, da allura aka yi wannan aikin, yanzu ana so a gama da ta awaki nan da 2030. Allurar ma ba daga nesa take zuwa ba, LANAVET, cibiyar haɗa alluran dabbobi ta ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa, na yin ta, kuma sau ɗaya na kare akuya aƙalla shekara uku. Ka ware marasa lafiya, sabuwar akuya daga kasuwa kuma a ɗaure ta gefe kamar sati uku kafin ta shiga garke. Abu ɗaya da nake roƙo, dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, kar a feɗe kar a ci, wannan na iya zama ciwon saifa kuma shi yana kashe mutum.

Wata 'yar'uwa daga Ngaundere ta tambaya ko tafasa madara na kashe amfaninta. A'a ƙanwata, furotin ɗin na nan, abin da ke mutuwa ƙwayoyin bakkale ne da tarin fuka na shanu. Ki tafasa kafin ki yi kindirmo.

Wani ɗan kasuwa daga Kusiri: "Likita an ce akwai waken da aka sarrafa a Najeriya an sa mishi guba a ciki, gaskiya ne?"

Alhaji waken da kake nufi sunansa SAMPEA 20-T, cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fitar da shi a 2019. An sa mishi umarnin yin wani furotin da aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, wanda in tsutsar nan mai cin furen wake ta ci sai ya manne mata a hanji ya huda. Hanjin mutum ba shi da wurin da zai manne, cikinmu narkar da shi yake kamar sauran abinci. Kana da 'yancin ka so ko ka ƙi, amma ni a matsayina na likita abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganin ƙwari da ake zuba wa wake a buhu don ajiya, na ga gida guda an kwaso su da amai da zawo bayan cin ɗanwake. Ga shi kuwa dabarar buhu mai ruɓi uku, leda biyu ciki buhu a waje a ɗaure tamau ƙwari su mutu don rashin iska, a nan Marwa aka fara gwada ta tare da masu binciken Jami'ar Purdue ta Amurka. Babu ko ɗigon magani.

Sai wani matashi manomi daga gefen Lagdo, ya ce kububuwa ta sari yayansa a gona, suka ɗaure ƙafar suka tsaga suka manna baƙin dutse, Allah ya sa ya tashi, to me ya sa likitoci ke kushe dutsen?

Ɗan'uwa mun gode Allah da ya tashi, amma ba dutsen ba ne, ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi mai yawa ba, wani ma ba ya zubawa sam. Dafin kububuwa tarin furotin ne, wasu na cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, wasu na farfasa ƙananan jijiyoyi, kenan mutumin da jininsa ya daina daskarewa kai kuma ka sa aska ka tsaga shi. Ba zan manta da wani magidanci da aka kawo mana a bayan moto lokacin girbin gyaɗa ba, kwana biyu da sara, yana magana lafiya lau yana ce min shi dai ƙafar ce ta kumbura, amma da ya buɗe baki sai na ga jini na tsattsafowa daga dasashinsa, tsumman da aka naɗe tsagar da shi kuma ya jiƙe jagab. Na ɗebi jininsa na zuba a busasshiyar 'yar kwalba na ajiye minti 20, da na karkata ta sai ya zubo kamar zoɓo. Muka ɗaura mishi maganin dafi, bayan awa shida na sake gwadawa na juya kwalbar jinin ya tsaya cak, ƙaninsa da ke tsaye a kaina sai da ya yi kabbara.

Shi maganin dafin daga jinin doki ko tunkiya ake samo shi, ana yi wa dabbar allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinta ya ƙera furotin masu kama dafin su ɗaure shi, sai a tace. Shi ya sa dole ya zama wanda aka yi da dafin macizanmu na nan, wanda aka yi don macizan Indiya ba ya aiki sosai a kan kububuwar Binuwai. In tsautsayi ya sake faɗawa, ku cire zobe da duk abin da ya matse, kar a ɗaure kar a tsaga kar a tsotsa, a sa kara a tallafe ƙafar kar ta riƙa motsi, a ɗauke shi kar ya taka, kar a ba shi aspirin ko diklofenak don suna ƙara zubar jini, ku nufi lopital ko da yana cewa shi garau yake ji. Kuma dan Allah ka sayi takalmin roba mai tsawo kafin girbin bana.