Ɗaurin talala ba sakin mai laifi ba ne

Malama, kin tambaya mene ne ainihin aikin shugaban sashen gyaran hali da shari'ar yara na gundumarku a nan Amurka, wanda ake ta yabo zai yi ritaya, kuma ko aikin nasu ba sakin masu laifi ba ne kawai. Na daɗe ina aikin jami'in ɗaurin talala, na zauna ƙarƙashin shugabanni iri-iri, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Alƙali ne ke yanke hukunci, ya ce mutum ya zauna a gida bisa sharaɗi: ya riƙa zuwa wurin jami'i, a gwada fitsarinsa ko yana shan ƙwaya, ya koma makaranta ko ya nemi aiki, ya biya wanda ya cuta, wani ma a ɗaura masa na'ura a ƙafa. Abin ya samo asali ne a Boston a 1841, da wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya tsaya wa wani mashayi a kotu. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa kusan mutum 2,000.

Shi shugaba, galibi daga ƙasa yake farawa, wasu daga gadin dare a gidan tsare yara. In ya hau kujera, rabin lokacinsa kan tafi a neman kuɗi. Tun da Minnesota ta yi dokarta a 1973, Kansas ta biyo a 1978, a jihohi da dama gwamnatin jiha ce ke ba gundumomi kuɗi su kula da masu laifi a cikin gari maimakon tura su gidan yari. Ga alƙalai, ga masu gabatar da ƙara, ga 'yan sanda da makarantu, kowa da abin da yake so, shi ne a tsakiya.

Amma ni inda nake auna shugaba wuri ɗaya ne: me yake yi in yaro ya karya sharaɗi ba tare da ya yi sabon laifi ba? Yaro ɗan shekara 15 ya ƙi zuwa ranar da aka sa masa. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta wa alƙali a mayar da shi tsare, ba wanda zai zarge ka. Shugaban kirki zai ce ka je gidan tukuna. Sau da yawa sai ka tarar uwar tana aikin dare, babu mota, shi ke kula da ƙannensa. In ka kulle wannan yaron tare da waɗanda suka ƙware a laifi, ka sa shi a makarantar da ba ka so, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masana biyu na Kanada, Don Andrews da James Bonta, sun daɗe da nuna cewa tsaurara sa ido kan mai ƙaramin haɗari na iya ƙara lalata shi. Har shirin kai yara gidan yari don fursunoni su tsorata su, bincike ya nuna ƙara musu laifi yake yi.

Kada kuma a ɗauka tausayi kaɗai ya isa. Kotun yara ta farko, wadda aka buɗe a Chicago a 1899, da kyakkyawar niyya aka kafa ta. Duk da haka a Arizona an yanke wa Gerald Gault, ɗan shekara 15, tsarewa har ya kai 21 saboda zargin yin batsa a waya, laifin da babba ba zai wuce tarar dala 50 ko wata biyu ba. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta ce yaro ma yana da haƙƙin samun lauya. Wannan shari'ar tana raina duk lokacin da na ji jami'i ya ce ai don amfanin yaron ne.

Kuma shugaban da ya san aikinsa ba ya mantawa da wanda aka cuta. Yana tabbatar da an saurare shi, an biya shi diyyarsa.

In kina so ki san ko mutumin naku ya cancanci yabon, ki halarci taron kwamitin ba da shawara na sashen. Ki tambayi yara nawa ke hannun jami'i ɗaya, nawa aka mayar tsare a bara saboda karya sharaɗi kawai, kuma jami'ansa suna daɗewa ko guduwa suke yi.