Amsa: monita ta yi baƙi bayan canza rezolushan

Malam, ka ce monitarka ta yi baƙi bayan ka canza rezolushan, wato girman hoton allo; kada ka tayar da hankalinka, monitarka lafiya lau take, kawai girman da ka zaɓa ne ya fi ƙarfinta shi ya sa ta ɗauke. Da ka bar ta daƙiƙa 15 ba ka danna komai ba da Windows ɗin ya koma yadda yake da kansa, amma tunda ka ce ka riga ka danna Enter, to kashe kwamfutar da madannin wuta sau uku tana cikin tashi, za ta kai ka shafin gyara, ka shiga Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, ka danna Restart sannan ka danna 3 ta tashi da ƙaramin hoto. Sai ka mayar da rezolushan ɗin da, ka duba rifresh ma, wato saurin sabunta hoton allo, ya zauna a 60Hz, don shi ma yana iya jawo haka.