Kujerun falon amaryarmu gwanjo ne, Yaya

Yaya, na saurari saƙonki har sau uku, ina ji ina dariya. Wato tun da kika ga hoton falon 'yarki aka ce miki kujerun na hannu ne, barci ya ƙaurace miki, kina tambaya ko talauci ne ya kama mu a Kumasi ko kuwa kunya ce ta ƙare a Zango. Ko ɗaya babu. Zauna in ba ki labari.

Ku a Kano uban amarya ke ɗaukar kayan ɗaki tun daga gado har cokali, ranar jere kuma 'yan ganin ɗaki su shigo suna shafa sif suna ƙiyasta kuɗinsa. A danginmu na nan, da yawancin maƙwabtanmu a Aboabo da Asawase, ango ne ke kama ɗaki ya sa gado da kujeru, mu kuma mu kai kayan kicin da na ado. To kama ɗakin nan shi ne tashin hankalin. Dokar hayar Ghana ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma je ki nemi ɗaki da falo ki gani, na shekara biyu za a ce ki ajiye. Yaron da ya zube wannan kuɗi, ya yi lefe, ya biya sadaki, in kika ce sai ya sayi sabbin kujeru kin tura shi cin bashi ne. A wurinmu abin kunya shi ne mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar amarya.

Kayan hannu iri biyu ne a nan. Akwai waɗanda ake saukewa daga kwantena a tashar jirgin ruwa ta Tema, daga Ingila da Jamus da Holan, ana ce musu hom-yus, kamar yadda kuke cewa Beljiyam. Akwai kuma na gida, wanda wani zai tashi ko ya sauya, dillali ya kawo labari. Ni na gida na fi so, saboda katakonsa.

Kin san ƙasar nan ta daji ce. Akwai icen da ake kira odum, mai nauyi kamar dutse, gara ba ta cika kusantarsa ba. Akwai kuma wani mai sauƙi da araha, sunansa wawa, kuma wallahi sunan ya bi shi, don ƙwaro na shigarsa kamar gidan ubansa. Da can kafintocin unguwar Anloga ta nan Kumasi odum da dangin maɗaci suke yi wa mutane gado da tebur. Yanzu dajin ya ja baya, odum ya yi tsada, sabon kayan da ke ƙyalli a shago yawanci garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Na taɓa faɗawa. Na sayi sabon sif a wani shago, mai madubi har ƙasa, ina ta yanga. Damina biyu muke yi a shekara, ga laima ko da yaushe, ba irin busasshiyar iskarku ba. Ruwa ya shigo mana ɗaki sau ɗaya, bai kai idon sawu ba, gindin sif ya kumbura ya fashe kamar burodin da aka jiƙa a shayi. A ɗakin nan kuma akwai teburin odum da Kaka ya saya tun yana fataucin goro, goge shi kawai muka yi.

Saye kuma sai da ido. Ranar da muka je duba kujerun nan, ni da ƙanin angon, sai da na sa aka kifa kowacce. Na ƙwanƙwasa ƙafafun da 'yan makullaina, in ƙarar ta fito a cike, katakon lafiya lau, in ta yi holoƙo an cinye cikin. Na duba ƙasa ko akwai farin gari mai laushi, alamar ƙwaro ke nan. Na haska tocilar waya cikin ɗinkin, ina neman baƙin ɗigo-ɗigon kuɗin cizo. Mai kayan ya ce, "Hajiya, kujera za ki saya ko likita ce ke?" Na ce duka biyun. Muka loda a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sai wurin kafinta. Ya yaye tsohon yadi da soso gaba ɗaya, ya bar ƙashin kujerar kwana uku a rana, ya goge da samfefa, ya sa sabon soso da yadin da amarya ta zaɓa da kanta. Abin da kika gani a hoto ke nan, kuma duka kuɗin bai kai na sabbin da ba za su ga sunan ɗan fari ba.

Amma kada ki ɗauka komai muke kwasa. Katifa da matashi sababbi ake saya, ba a ma tattauna wannan, doka ma ta hana shigo da tsohuwar katifa ƙasar nan. Tsohon firji daga waje shi ma an hana tun 2013 saboda shan wuta. Labule da darduma amarya sababbi take so, mu ma ba mu ja da ita ba.

Yaran yanzu suna cewa wai hakan kare daji ne da rage shara. Ban musa ba, wanda ya ga abin da kwatar Aboabo ke kwasowa bayan ruwan sama ba zai musa ba. Sai dai iyayenmu ba da wannan sunan suka san shi ba. Langa da fantekar da Inna ta jera a kabad, na uwarta ne, yanzu rabinsu suna falon jikarta, har da mai ɗan tsaguwa a murfi da ta hana a yar.

In Allah ya kawo ki suna, a kan doguwar za ki kwana, don ɗakin baƙi babu. Ki taho mana da yaji da kuka, na nan ba su kai naku ba. A gaida Baffa da yara.