Shin "haddie" kuskuren rubutu ne?

Malam, ka ce ka ga "haddie" a jerin abincin wani gidan cin abinci a birnin Aberdeen na ƙasar Sukotland, kana tambaya ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne, bakin mutanen Sukotland ne. Asalin sunan kifin "haddock", ɗan uwan kifin "cod", mai baƙin layi a gefensa da baƙin tabo kusa da kai. Su kuwa al'adarsu ce su datse kalma su liƙa mata "ie", kamar yadda muke mayar da Abdullahi ya zama Audu.

Inda ka fi jin kalmar shi ne a "Finnan haddie", wato wannan kifin da aka banda da hayaƙi mai sanyi. Galibi ana danganta sunan da ƙauyen Findon da ke kudu da Aberdeen. Da shi ake miyar "Cullen skink", a haɗa da dankalin Turawa, albasa da madara. Miyar kifi da madara dai, ni ban saba ba!

Amma in jarrabawa ce ko takardar aiki, rubuta "haddock".