Yaya, ba wasa da abinci muke yi ba

Yaya ina wuni, ya iyali ya hidima. Na ga saƙonka a kan bidiyon nan, kana tambaya wai mu Hausawan Dalas ƙoshi ne ya yi mana yawa har mutum zai kama ƙaton kifi ya ɗau hoto ya mayar da shi ruwa, alhali ga mutane na neman na miya. Wallahi tambayar ta dace, don mu ma nan akwai dattawan da har yau ba su yarda da abin ba.

Tafkin da muke zuwa sunansa Texoma, yana kan iyakar Texas da Oklahoma, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Dalas, dam ne aka yi a kan kogin Red River aka gama a 1944. Kifin kuma sitiraifa ake ce masa, fari ne mai zane-zane baƙi daga kai har wutsiya, namansa ya yi kusa da na giwan ruwa. Asalinsa na teku ne, yana shigowa kogi ne kawai ya yi ƙwai, a 1965 aka kawo shi tafkin nan kuma Allah Ya sa ruwan kogin na da ɗan gishiri-gishiri, to sai ya zauna ya riƙa hayayyafa da kansa, alhali a yawancin tafkunan Amurka sai hukuma ta riƙa zuba ƙanana duk shekara in ba haka ba ya ƙare.

Kuma fa muna ci! kar ka ɗauka hannu rabbana muke komawa gida. Doka ta ba kowa guda 10 a rana, amma biyu kaɗai aka yarda su kai inci 20, wajen santimita 50 kenan. Mu huɗu in muka haɗa kuɗi muka ɗau jirgi da mai nuna hanya, abin da muke dawowa da shi ya ishi gida huɗu har da maƙota, a yi farfesu a soya a yi banda. Matsakaitan ma su suka fi daɗi, babban namansa ya fi ƙarni, kuma likitocin nan suna gargaɗi cewa manyan kifaye sun fi tara sinadarin zaiba mai guba a jiki, musamman ga mai ciki da yara.

Yanzu ga inda maganar take. Manyan nan da ka gani kusan duk mata ne, kuma babba ɗaya tana zuba ƙwai sama da miliyan a shekara, ta ɗau shekaru kafin ta kai girman nan. Ai ko Baffa in zai sayar da dabba bijimi yake fitarwa, ba ya taɓa saniyar da take haihuwa. Mutanen nan ba don daɗi suka koyi haka ba, sun taɓa kwasar kifin a gabar tekunsu har ya kusa ƙarewa, sai da jihar Maryland ta hana kama shi kwata-kwata daga 1985 zuwa 1990 sannan ya dawo. Mu ma da muka zo muka tarar da tsarin, muka duba muka ga ba abin da ya saɓa wa addini a ciki, kai ɓarna ma ita aka hana mu. Kuma ai a Argungu ma kogin Matan Fada ba kullum ake shiga su a cikinsa ba, ana barin sa har lokacin biki, shi ya sa ake fito da manya.

Abin da ya fi damun wasunmu shi ne maganar wahalar da dabba, kuma ni ina ganin suna da gaskiya, ba abin da za a share ba ne. Shi ya sa sakin ma da ƙa'idarsa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka tallafe cikinsa kar ka rataye shi ta baki, ka cire ƙugiya da sauri, hoto ɗaya shikenan, sai ka riƙe shi cikin ruwa har ya fizge da kansa. Ni dai wanda zai tsaya yana ta juya kifi yana bidiyo minti biyar ba na sake shiga jirgi da shi. Da zafi kuwa, wajen Yuli da Agusta, ruwan sama-sama ya yi ɗumi, kifin da aka ja daga ƙasa sau da yawa ko an sake shi mutuwa yake yi, don haka da mun cika adadinmu sai mu naɗe fatsa mu tafi, ba ma ci gaba da kamawa don nishaɗi. Ma'aikatan gandun daji kuma suna yawo a ruwa suna duba lasisi da abin da ke cikin kula, tarar ba wasa.

In Allah Ya sa bizarka ta fito ka daidaita zuwanka da Nuwamba, lokacin ne tsuntsaye ke taruwa a kan ruwa daidai inda kifin yake koro ƙanana, sai dai ka taho da rigar sanyi mai kauri don tun bayan asuba ake fita. A gaida Inna.