Ina shan ƙwaya saboda karatu, a gida ba wanda ya sani

Anti, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, shekarata 21. Mahaifinmu matansa biyu, ni ne babba a ɗakinmu. Tun da yayana na ɗaya ɗakin ya zama likita, maganar Baba kullum ita ce "ka dai ga ɗan'uwanka". Umma kuwa duk ta kira ni sai ta rufe da "kada ka ba ni kunya a gidan nan".

Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu, na ce musu sakamako bai fito ba. Da jarrabawa ta matso sai abokin ɗakina ya ba ni tiramol, wai yana hana gajiya. Da rabi na fara, yanzu biyu ba sa isata. Ranar da ban sha ba sai zufa da hamma da ciwon gaɓoɓi, in tasa littafi gaba in kasa gane layi ɗaya. Kuɗin abincina ma can yake tafiya. Idan Baba ya ji, kashina ya bushe. Yaya zan yi?

Ɗanki daga Kaduna

Ɗana, sannu. Fara da wannan: kada ka yanke shan ƙwayar rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Zufa da ciwon gaɓoɓin nan alama ce jikinka ya riga ya saba da ita, likita ne zai tsara maka yadda za ka riƙa ragewa. Kada kuma ka ƙara, domin tiramol idan ya yi yawa yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yakan kuma danne numfashi. Ka je asibitin makarantarku cikin makon nan, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Na san sunan yana tsorata mutane, amma zuwa can ba hauka ba ne. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum sama da miliyan 14 da suka yi ta'ammali da su cikin shekara guda. Likitocin sun ga irinka da yawa.

Ni dai a karatun da na yi wa wasiƙarka, ba littafi ne ya kai ka ga tiramol ba. Ka duba da kyau, sai da ka ɓoye sakamako sannan ƙwaya ta samu ƙofa. Ɗalibai nawa ne suka faɗi kwas biyu, suka maimaita, suka wuce? Abin da ya yi maka nauyi shi ne ba ka da wanda za ka kira a gida ka ce "na faɗi". An ɗora maka gasar ɗaki biyu, kayan da tun kafin a haife ka aka ƙulla shi. Umma ba mugunta take nufi ba, tsoro ne, amma ta yi kuskure, kuma iyaye da yawa muna yin irinsa.

Saboda haka ka nemi mutum ɗaya a dangi mai riƙe sirri wanda Baba ke jin nauyinsa, kawu ko gwaggo, ka faɗa masa duka biyun, sakamakon da ƙwayar. Shi zai san ta inda zai ɓullo wa Baba. Faɗa kam za a yi, amma gara su ji ta bakinka da su ji daga bakin makaranta. Yayan nan naka ma kada ka cire shi a lissafi. Likita ne, kuma ban ga inda ka ce shi ya taɓa yi maka gori ba.

Ka bar ɗakin da kake zaune da abokin da ya ba ka ƙwayar, ko da kwana wurin wani abokin za ka riƙa yi kafin ka samu wani. Karatun kwana kuma ka haƙura da shi, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta. Idan ka ga likita, ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.

Antinka